Ana ta yaba min kunyar ɗan fari, ni kuwa ba kunya ba ce

1/ Jiya wata ƙawata ta koma ɗakinta bayan ta gama wankan gida. Na kira ta da daddare in ji ya ta samu gidan, muna cikin gaisawa kawai ta fashe da kuka, ta ce ita ma ba ta san kukan me take ba. Shi ya sa na ce yau sai na ba ku labarin da na fi shekara ina ɓoyewa. Zaren dogo ne, ku yi haƙuri da ni.

2/ Na haihu a ƙarshen Janairun 2024, ana tsakiyar sanyin Kano. Haihuwar fari, namiji. Tun cikin yana wata takwas aka mayar da ni gidanmu a cikin gari, goyon ciki. Sunan mahaifin maigidan aka sa masa, don haka ba mai kama sunan, Abba muke ce masa.

3/ Wadda ba ta yi jego a gidan yawa ba, ba za ta gane irin gatan ba. Da asuba Umma ta sa an hura wuta, ruwa ya tafasa da ganyen darbejiya. Ina fitowa daga wanka kunun kanwa na jirana, ga gasasshen nama da yajin jego. Da yamma a sake. Kwana arba'in ko tsinke ban kawar ba.

4/ Yaron kuwa sai zai sha nono nake ganinsa. Goggo ta yi masa wanka, ƙannena su yi ta rigimar wa zai ɗauka, matar yayana ta goya shi tana tuƙin tuwo. In ya yi kukan dare Umma ce ke tashi, ta tashe ni in ba shi, ta karɓe abinta in koma barci.

5/ Kun dai san kunyar ɗan fari. Ba kya kiran sunansa, ba kya masa wasa a gaban manya, in ya yi kuka a gaban surukai ki yi kamar ba ki ji ba har sai an ce "ɗauke shi ki ba shi mana." Yawancin sa'anninmu sun watsar, ranar suna ma har hoto ake yi an rungume jariri. Ni kuwa na yi ta tsaf, kamar 'yar zamanin da.

6/ 'Yan barka suka yi ta yabo. "Kai Hajiya, wannan 'ya taki akwai alkunya, ko kallonsa ba ta yi." Umma ta yi murmushi, ni in sunkuyar da kai.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ba danne son nake ba. Babu abin dannewar. In aka miƙo min shi, ji nake kamar ɗan maƙota aka ba ni ajiya.

7/ Na ce a raina gajiyar haihuwa ce, zai zo. Aka yi suna bai zo ba. Aka yi arba'in bai zo ba. Muka yi yawon arba'in gida-gida, aka cika min jaka da sabulai da atamfofi, aka rako ni ɗakina ranar Lahadi. Washegari Litinin, 11 ga Maris, aka tashi da azumi.

8/ Gidana can bayan Rijiyar Zaki yake, irin sababbin unguwannin nan: doguwar katanga, get, ciki biyu da falo. Lokacin ina amarya alfahari nake da shi, ba kishiya, ba facala, ba mai leƙa min tukunya. Maigidan ya fita shago a Kwari da safe, get ya rufu, sai ni da jariri ɗan sati shida da ban taɓa yi wa wanka da hannuna ba.

9/ E, ban taɓa ba. Kwana arba'in ana min komai, ba wanda ya tuna ya ce zo ki gwada. Wankan farko da na yi masa, waya na jingina a jikin bokiti Goggo tana min kwatance, sabulu ya shiga idonsa, yana ihu ina kuka, ita kuma tana cewa "riƙe masa wuyan mana, ke wai ba ki gani ba lokacin da nake yi?"

10/ Sai aikin gida. Mai ruwa ya turo kura, in juye jarkoki a durom da goyo a baya. Famfas ya yi tsada, da rana nafkin nake sa masa, ga wanki kullum ta Allah. Shara, goge tayil, wanke-wanke. La'asar na yi a ɗora kayan buɗa baki: kunun tsamiya, ƙosai, dankali da ƙwai, abincin dare, ga kwanon Hajiyarsa da ake kai mata. Ƙarfe uku da rabi na dare kuma sahur.

11/ Kuma ina azumi. Na san sarai malamai sun ce mai shayarwa tana da rangwame in ta ji tsoron cutuwa, ita ko ɗanta, ta sha ta rama daga baya, a Malikiyya har da ciyarwa. A islamiyya na karanta. Amma kunyar a ce raguwa ce ta hana ni. Maigidan ma ya ce in ajiye, na ce ba komai zan iya.

12/ Zafin Kano na ƙarshen Maris zuwa Afrilu ba sai na faɗa muku ba. An ɗauke wuta, fankar caji ta mutu tun sha biyun dare, ƙurajen zafi sun feso masa a wuya. Haka zan zauna da mafici ina masa fifita har a kira assalatu.

13/ To a irin wannan lokacin ne nake ɗaukar waya. Babban kuskure. Ga wata mai jego a Instagram ta sha lalle da kwalliya, gado a gyare, turaren wuta na tashi. Ga mai tallan kayan gyaran jiki tana cewa daga haihuwa ake ƙwace wa mace miji, in kika bari ya ji ƙarnin nono a jikinki ke kika jawo. Ni kuwa kwana biyu ban taje kaina ba.

14/ Sai na ƙara wa kaina aiki. Kafin ya dawo sai na goge falon da ba mai shiga, na sa turare, na yi wanka na shafa humra, na ɗaura murmushi. Ya shigo ya ga gida fes, ya ce sannu da ƙoƙari. Yo ta ina zai gane? Ni da kaina na share duk wata alama kafin ya iso.

15/ Ga yadda abin yake daga ciki, ko wata za ta gane kanta.

Ko yaron ya yi barci ni ba na iyawa. Idona biyu, ƙirjina na bugawa, bini-bini in kai yatsa hancinsa in ji ko yana numfashi. Abinci kamar ina tauna takarda. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Ƙawaye suka gaji da kira suka daina.

16/ Ga wata murya a kaina da ba ta hutawa: ke ba uwa ba ce, ji yadda yake shiru a hannun kowa sai a naki, da Umma aka bar wa shi da ya fi jin daɗi. A hankali ta koma cewa da ba kya nan ma gaba ɗaya da kowa ya huta. Wannan ban taɓa rubuta shi a fili ba sai yau, kuma hannuna rawa yake.

17/ Daren da ba zan manta ba yana cikin goman ƙarshe. Maigidan ya tafi tahajjud. Abba ya fara kuka tun wajen sha ɗaya. Na ba shi nono ya ƙi, na goya, na sauke, na canza nafkin, na zagaya tsakar gida ya fi sau hamsin. Wajen ƙarfe biyu na tsinci kaina na ɗaga shi sama da hannu biyu ina daka masa tsawa: me kake so in yi maka?

18/ Saura ƙiris in jijjiga shi. Allah ne kaɗai ya tsare. Na ajiye shi a kan katifa a ƙasa, na shiga kicin na rufe ƙofa, na zauna a bayanta na toshe kunnena.

Daga baya na ji daga bakin likita cewa jijjiga jariri da ƙarfi na iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, har a rasa shi. Ta ce ajiye shi a wuri mai aminci da fita na 'yan mintuna shi ne daidai. Ni a daren gani nake na gama zama azzaluma.

19/ Kar ku ce ban gwada faɗa ba. Na ce wa maigidan ba na jin daɗi, ya ce gajiyar azumi ce, ya sayo min zuma da maltina. Na ce wa Umma kuka nake yawan yi, ta ce "kowa da haka ta saba, ki gode wa Allah, wasu nema suke ido rufe." Goggo ta ce kambun baka ne, yabon 'yan barka ya yi yawa, ta aiko da rubutu. Na sha, na yi azkar, har yau ina yi.

20/ Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu. Rabin magana na ba su, suka ba ni rabin amsa. Ta yaya za ki kalli mahaifiyarki ki ce ba kya jin son ɗan da kika haifa? Da wane bakin?

21/ Aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, muka je gaishe da Hajiya. Ana shiga aka karɓe shi, na koma gefe na yi shiru, wallahi hutawa kawai nake. Sai na ji ƙanwar Hajiya tana cewa "ka yi dace, irin waɗannan masu kunyar sun yi ƙaranci." Aka sake yaba min ciwona a gaban kowa, na ce na gode.

22/ Abin da ya cece ni rigakafi ne. Kun san jerin: ranar haihuwa, sati shida, sati goma, sati sha huɗu, sai wata tara. A na sati sha huɗu, farkon Mayu, na faɗa hannun wata nas babba, ta kusa sa'ar Umma. Ta auna shi, ta yi masa allura, ta rubuta a kati. Maimakon ta kira ta gaba sai ta tsaya tana kallona.

23/ Ta sa yatsa ta ja fatar idona ta ƙasa, ta girgiza kai. Ta ce "Ƙanwata, yaro dai lafiya lau, nauyinsa ya yi. Ke fa? Yaushe rabonki da barcin awa huɗu a jere?"

Tun da na haihu tambayar kowa ita ce ya jariri, ya ruwan nono, ya ƙwarin jiki. Amsar duka "alhamdulillah" ce. Wannan kuwa ba ta amsuwa da alhamdulillah. Na buɗe baki, kuka ya riga magana.

24/ Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta karɓi Abba ta saɓa a kafaɗa, ta ja ni wani ɗaki, ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta haɗa ni da likita. Aka auna jinina aka ce ya yi ƙasa sosai, shi ne jirin da nake ji in na sunkuya wanki. Aka auna hawan jini. Sai likitar ta ɗauko wata takarda mai tambayoyi goma.

25/ Ma'aunin Edinburgh ake ce masa, tun 1987 ake amfani da shi wajen gano ciwon damuwa a masu jego. Tambayoyin a kan kwana bakwai da suka wuce ne: kina iya dariya, kina ɗora wa kanki laifi ba dalili, kina tsorata, tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki. Tana fassara min ina amsawa, kamar wadda ta kwana a ɗakina ta rubuta su.

26/ Ga abin da na koya a wajenta. Yawan kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa yana samun mata da yawa, kuma yakan wuce da kansa cikin sati biyu. In ya haura sati biyu, ko ya hana ki barci da ci da kula da kanki, to ya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa. Yana iya farawa ko yaushe a cikin shekarar farko.

27/ Kuma ba ni kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da irin wannan, a ƙasashe masu tasowa kuma ya kusa kashi 20. Wato mace ɗaya cikin biyar. Ki ƙirga matan da ke layin rigakafi ranar da kika je, ki raba biyar.

28/ Akwai kuma wanda ya fi wannan tsanani, yana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu: ta daina barci kwata-kwata, ta riƙa jin maganganu ko ganin abin da ba kowa ke gani ba, ta rikice. Shi ne wanda muke saurin cewa iska ce. Wannan, da tunanin kashe kai ko cutar da jariri, asibiti ake kaiwa a ranar. A yi addu'ar a mota.

29/ Wani abin da ya ba ni haushi: ashe ita ma uwa akwai ranakun duba ta bayan haihuwa. Cikin awa 24 na farko, kwana na uku, tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai sati shida. Sati shidan nan shi ne arba'in ɗinmu. Ranar da ya kamata a auna jinina ina can ina zagayen dangi da sabon leshi.

30/ Da ta ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai da gabana ya faɗi. Ɗan Kano da ya ji wannan kalmar Dawanau yake hangowa, sai kuma abin da dangin miji za su ce. Na ce mata ni fa ba mahaukaciya ba ce. Ta yi dariya ta ce ta sani, mai ciwon suga ma ba shi ya zaɓa ba. Aka ba ni maganin ƙarin jini da wani da ta tabbatar min ana sha ana shayarwa. Sai da ya kusa wata kafin in ji bambanci. Ba zan faɗi sunansa ba, kar wata ta tafi kemis.

31/ Ta ce in zo da maigidan. Na zaci ba zai zo ba, ya rufe shago ya zo. A gabansa na faɗi labarin daren tahajjud. Har muka iso gida bai ce uffan ba. Da ya kashe mashin sai ya ce "Ina masallaci ina roƙa muku lafiya, ashe ke kina nan a bayan ƙofa." Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

32/ Tsarin da muka yi ba wani abin burgewa ba ne. In ya dawo sallar asuba in ba Abba nono, ya ɗauke shi su koma falo, in rufe ƙofa in yi barci har bakwai da rabi. Da farko goyon ma bai iya ba, kuma ya ce in na faɗa wa abokansa shi da ni ne. To ga shi na faɗa wa duniya, Allah ya ba shi haƙuri.

33/ Gidan kuma na sassauta masa. Falon baƙi na rufe, sai ranar Juma'a ake gogewa. Kayan miya nakan soya na kwana uku lokaci ɗaya. Rana biyu a sati ɗanwake ne ko garau-garau, ba wanda ya mutu. Manyan kaya aka koma ba mai wanki da guga. 'Yar yayata tana zuwa Asabar da Lahadi. Masu tallan gyaran jiki kuwa duk na daina bin su, kuma waya ba ta kwana a kan gadona.

34/ Wadda na fi jin tsoro ita ce Hajiyarsa. Shi ya je ya faɗa mata, ni ko gaisuwa na kasa kira. Washegari sai ga ta a adaidaita da kwanon farfesu. Ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce "'Yar nan, bayan haihuwata ta biyu wata huɗu na yi ba na son ganin hasken rana. Aka ce iska ce, aka yi ta min hayaƙi. Ban taɓa faɗa wa ko ɗaya cikin 'ya'yana ba."

35/ Na ce Hajiya to ya kika yi da jaririn? Ta ce "Wane yi? Mu tara ne mata a gidan. Wannan ta goya, waccan ta yi masa wanka, ni nono kawai nake bayarwa. Har na warke ba wanda ya lura."

36/ Maganar nan ta daɗe tana min yawo a kai. A ganina kunyar ɗan fari a gidan yawa aka ƙera ta. Uwa ta kawar da kai ne saboda akwai hannu goma da za su ɗauka, ita kuma yarinya ce, ta samu ta huta. Mu kuma mun ɗauko kunyar mun shigo da ita gida mai get, mun baro hannuwan a cikin gari. Ana so ki nuna ba ruwanki da shi, kuma ke kaɗai ce da shi dare da rana.

37/ Ba cewa nake a koma gidan yawa ba, na san abin da ke cikinsa, na ga yadda matar yayana take haɗiye magana. Wankan jego ma ban raina ba, duk da likita ta ja min kunne a kan yawan kanwa da ruwan da ya wuce ƙima a zafi, musamman ga mai hawan jini. Abin da ke damuna shi ne gatan yana yankewa rana ɗaya. Kwana na arba'in ke sarauniya ce, na arba'in da ɗaya ke ce mai ruwa, mai wanki, mai abinci, mai gadi.

38/ Son kuma? Ya zo, amma ba da ganga ba. Wata rana a Yuli ana ruwan sama, ina ninke kaya yana kwance a gefena, na yi atishawa. Yaron nan ya ƙyalƙyale da dariya har da shiɗewa. Na sake yi da gangan, ya sake. Na yi ya fi sau goma. Sai ji na yi wani abu ya cika min ƙirji, na ɗauke shi na yi ta shinshinar wuyansa, kayan na nan a zube har magariba.

39/ Da muka je gida bayan nan, ina masa wasa a tsakar gida ina cillawa ina cafewa, Goggo ta riƙe haɓa ta ce "Tabɗi, ke kuma yaushe kika zubar da kunyar taki?" Umma ta ce ƙyale ta. Ita ta san komai zuwa lokacin. Ta dai juya ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

40/ Har yanzu akwai ranakun da nake tashi jikina ba ƙwari, amma yanzu na san sunan abin kuma na san lambar da zan kira. Maganin ma likita ce ta rage min shi a hankali har na daina, ba ni na yanke da kaina ba.

41/ Ƙawar tawa kuwa gobe da safe zan je. Na ce mata kar ta share ko'ina, kar ta sa turare, in na tarar da falo a goge komawa zan yi. Zan kai mata miyar kwana uku, in karɓi jaririyar, ita ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. In ta tashi zan duba katin rigakafinsu in ga ranar, don tare za mu je, kuma sai an auna ta kafin mu baro wajen.

Bari in je, Abba ya samu robar manja.